Tankin keji mai lita 1000 don kiwon kifi a tsakar gida: me yake iya ɗauka?

Farin tankin roba mai kusurwa huɗu da ke zaune cikin kejin ƙarfe, wanda ake shigowa da shi bayan an juye kayan masana'anta da ke ciki, ya daɗe yana aikin ajiyar ruwa a gidajen Maradi. Yanzu masu walda da masu gyaran famfo sun fara yanka shi suna sayarwa a matsayin tankin kifi na gida. Tsawonsa santimita 120 ne, faɗinsa 100, tsayinsa da gindi kusan 116, nauyinsa babu ruwa wajen kilo 60. Yana da murfi a sama da bawul mai faɗin milimita 50 a ƙasa. Haɗin da aka fi yi shi ne a yanke santimita 25 daga sama, a kifar da wannan yanki ya zama faffaɗan tire, a ɗora shi kan na ƙasa a cika shi da tsakuwa, kifi kuma ya zauna a ƙasa. Wannan haɗin ne ake dubawa a nan, ga mai son kifin miyar gidansa, ba mai neman kai wa kasuwa ba.

Tankin kansa kaya ne mai kyau. Inda ake cutar mai saye shi ne wurin lissafi. Mai sayarwa zai ce lita dubu ne, kuma zai ɗauki kifi ɗari biyu. Bayan yanka, abin da ya rage a ƙasa zurfinsa santimita 75 ne, kuma dole a bar santimita 10 tsakanin ruwa da baki, don haka ruwan da kifi zai zauna ciki bai wuce lita 700 ba. Ƴaƴan kifi ɗari biyu masu girman yatsa za su yi wata ɗaya a ciki lafiya, shi ya sa maganar take kama da gaskiya. A wata na uku ne, lokacin da kowane ya ninka nauyinsa sau da yawa, ake tashi da safe a tarar da su sun juya ciki sama.

Kafin maganar kifi, sai a san abin da tankin ya taɓa ɗauka. Irin wannan roba tana shan abin da ya daɗe a cikinta, kuma wanki da omo ba ya fitar da shi. A duba farantin da ke jikin kejin, nan ake manna takardar kayan. Idan ruwan sukari ne ko man girki ko wani abu na abinci, babu laifi. Idan fenti ne, ko maganin ƙwari, ko gam, ko kuma an kankare takardar, a bar shi ga mai gini. A sa kai ciki a shaƙa. Wanda yake wari bayan ya bushe ba na kifi ba ne. Ko wanda ya wuce wannan gwaji, a wanke shi da ruwa zalla da gishiri, a cika shi ya kwana uku, a zubar, a sake cikawa, sannan a saka kifi biyu ko uku su yi mako guda kafin a kawo sauran.

Bawul ɗin ƙasa shi ne raunin wannan tanki. Haƙoran murɗinsa manya ne, ba su dace da tiyon PVC da ake samu a kasuwa ba, sai da wani mahaɗi na musamman. Masu haɗawa da yawa suna cusa tiyo kawai su ɗaure da robar tayar keke, abin da ke riƙewa mako biyu ya fara ɗiga. A nemi a sa mahaɗin tun a shago, a gwada shi da ruwa a gaban mai saye. Hannun bawul ɗin ma roba ne, rana tana busar da shi ya karye, saboda haka ya fi kyau a bar shi a buɗe a ƙara wani bawul na PVC a gabansa, shi za a riƙa murɗawa kullum. Ta ciki a rufe bakin da raga, in ba haka ba ƙananan kifi za su bi ruwa su fita ko su toshe hanya. Bakin ƙarfen da aka yanka a goge shi a lulluɓe da tsagaggen tiyo, don yana yankan hannu yana kuma huda robar.

Ruwa lita 700 kilo 700 ne. Tsakuwar da ke sama, wajen lita 240, za ta kai kilo 350 ko fiye. Abin da ya haura tan guda ba a ajiye shi kan yashi. A yi daɓen siminti ko a jera bulo a daidaita da ma'aunin magina, a ɗan karkata shi kaɗan zuwa wajen bawul don kashin kifi ya gangara can. Tiren sama kuma kada a yarda a ɗora shi kan katako biyu kamar yadda wasu ke yi. Ƙarfe mai kwana guda uku a gicciye shi ne daidai. A tura tiren baya yadda za a bar kamar santimita 40 a buɗe ta gaba don ba da abinci da sa raga.

Sai zaɓin kifi. Da yawa suna tambayar giwan ruwa, don namansa fari ne, ƙayarsa kaɗan, kuma kifin ruwayenmu ne tun daga kogin Kwara har tafkin Chadi. Amsar a'a ce. Giwan ruwa mafarauci ne, kifi mai rai yake ci, ba ya karɓar abincin buhu cikin sauƙi, yana bukatar ruwa mai yawan iska, kuma yana girma har ya wuce tsawon mutum. Ƴaƴansa ma sai an kamo daga ruwa. Guda biyar a tanki ɗaya za su koma guda ɗaya, shi ma ba mai ƙiba ba.

Karfasa ita ce ta dace da wannan haɗin. Idan akwai injin da ke hura iska cikin ruwa da tsakuwar da ke tace shi suna aiki, guda 25 ne adadin, a yi kiwonsu zuwa giram 300 kowace, jimla kilo 7 da rabi. Idan babu injin iska, kada a wuce goma. Amma sai maza zalla. Macen karfasa tana fara ƙwai tun tana ƙarama, tana riƙe su a baki kusan mako biyu ba ta cin abinci, girmanta ya tsaya, tankin kuma ya cika da ƙanana masu raba abinci da iska da manyan. Ana bambance su idan sun kai giram 30: a juya cikin kifin, namiji ƙofa biyu gare shi a ƙasa, mace uku; ɗan tawada da aka shafa a wurin yana fito da su sarai. Ko gwani yakan yi kuskure, don haka duk wadda aka gani da kumburarren maƙogwaro tana ƙin abinci a cire ta, ta tafi tukunya.

Wanda zai sayi ƴaƴan karfasa daga masunta na tafkin Madarunfa ko tabkunan da Gulbi ke bari bayan damina ya lura da wutsiya. Karfasar da ake so tana da siraran layuka a tsaye a jikin wutsiyarta. Akwai wata ƴar uwarta mai jan ƙirji da ba ta da saurin girma, haihuwa kawai ta iya, kuma a tare ake kamo su. Kifin tabki yakan zo da ƙwari a jiki, saboda haka ya yi mako guda a wata roba daban cikin ruwa mai gishiri giram 2 zuwa 3 a kowace lita kafin ya shiga tanki. Na gidan ƙyanƙyasa ya fi daidaito wajen girma. Ko daga ina ne, a ɗauko da sassafe, a hana su abinci kwana guda kafin tafiya, a bar ledar ta yi iyo a tankin minti 20 zuwa 30 don zafin ruwan ya daidaita, kuma kada a ba su komai ranar da suka iso.

Tarwaɗa labarinta daban ne. Tana da abin shaƙar iska daga sama, don haka ɗauke wuta ba ya kashe ta, kuma tana haƙuri da cunkoso. Guda 40 za su kai giram 700 cikin wata biyar da abinci mai kyau, kilo 28 ke nan, kusan ninki huɗu na karfasa. Farashin wannan shi ne ruwa. A ƙarshen kiwo suna cin wajen giram 400 a rana, ƙazantar da tsakuwar tiren ba za ta iya da ita ba, sai an zubar da rabin tanki kullum, lita 350, wato jarka 14 masu lita 25. A zagaye ɗaya ruwan zai kai lita 40,000. Gidan da ke da rijiyar burtsatse da ɗan lambu a baya zai ji daɗin wannan, don zogale da yakuwa da kuɓewa suna son ruwan kifi ƙwarai. Gidan da ke saye hannun ƴan ga-ruwa ya manta da tarwaɗa. Ga cin juna: duk mako biyu a watannin farko sai an ware waɗanda suka yi zarra, in ba haka ba arba'in su koma ashirin da biyar ba tare da an ga gawa ko ɗaya ba. Suna kuma tsalle, musamman daren da aka yi ruwan sama, dole a rufe da raga.

Tsakuwar tiren ba ado ba ce, ita ce zuciyar haɗin, kuma ita ce masu sayarwa ba sa iya bayaninta. Kifi yana fitar da wata guba mai suna amoniya cikin ruwa, wajen giram 30 a kowane kilo na abincin da ya ci. Karfasa 25 da suka girma suna cin giram 150 a rana, wato amoniya giram 4 zuwa 5. A lita 700 wannan ya haura miligiram 6 a kowace lita a kwana ɗaya tak, alhali ana son a riƙe shi ƙasa da 1. Ba ta da launi, ruwan yana iya zama garau kifi yana mutuwa, kuma dafinta yana ƙaruwa idan ruwa ya yi zafi. Wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani suna zama a jikin tsakuwa suna mayar da ita abin da ba ya cutar kifi, wanda shuka kuma ke sha a matsayin taki. Amma ba sa zuwa da tankin. Sai sun yi mako huɗu zuwa shida suna yaɗuwa, shi ya sa a watan farko ake ba da abinci kaɗan ana sauya kashi ɗaya cikin biyar na ruwan duk kwana biyu. Bokiti guda na tsakuwa daga tankin wani da ya daɗe yana aiki yana rage wannan jira sosai.

Tsakuwar ta zama mai girman santimita 1 zuwa 2, a wanke ta har ruwan ya fito fari. A ɗiga ruwan tsami a kan ƴan ƙwayoyi. Idan suka yi kumfa, dutsen farar ƙasa ne, bai dace ba. Ƙaramin famfon cikin ruwa mai tura lita 1,500 zuwa 2,000 a awa shi ke ɗaga ruwa zuwa tiren, ruwan ya ratsa tsakuwa ya dawo ƙasa ta ramin tsohon murfin. Wasu masu haɗawa suna sa wani tiyo mai cika tiren ya zuƙe shi da kansa. Dabara ce mai kyau a takarda, amma da ƙarfin famfo ya ɗan sauya sai ta tsaya, kuma ƙurar Maradi tana sauya shi kullum. Tiyo ɗaya a tsaye, wanda bakinsa ke santimita 3 ƙasa da saman tsakuwa, da wani faffaɗan tiyo mai huji a kewaye da shi don tare duwatsu, ya isa kuma ba ya lalacewa. A shuka latas, na'ana'a, alayyafo ko yakuwa a kai. Abin da ba a yi shi ne wanke tsakuwar duka rana ɗaya ko barinta ta bushe, don an kashe ƙwayoyin halittar da ke aikin ke nan. Kashin da ya taru a gindin tanki a zuƙe shi da tiyo kowace safiya, bokiti ɗaya ko biyu, a mayar da sabo. Ruwan famfo ya kwana a buɗe kafin ya shiga, saboda maganin da ake sa masa yana kashe kifi da ƙwayoyin tsakuwa baki ɗaya. Na burtsatse ba shi da wannan magani amma ba shi da iska, a watsa shi daga sama.

Injin iska ba ya cikin kayan da ake haɗawa da tankin, kuma ga mai son karfasa 25 shi ne abin da ba a iya yi ba tare da shi ba. A nemi mai tura lita 10 zuwa 15 a minti, da duwatsun kumfa biyu, waɗanda iskar ke fitowa ta jikinsu, a gindin tanki. A rataye shi sama da matakin ruwa, in ba haka ba idan wuta ta ɗauke ruwa zai biyo tiyo ya shiga cikinsa. Soson da ke bakin shan iskarsa yana toshewa da ƙurar hunturu, a kakkaɓe duk mako, kuma a sayi robar cikinsa ta ajiya tun ranar farko, don ita ce ke yagewa. Wutar Maradi daga Katsina take zuwa, kuma kowa ya tuna abin da aka sha daga Agustan 2023 zuwa Maris 2024 da aka katse ta. A watan zafi, tanki mai kilo 7 na karfasa ba ya wuce ƴan awoyi babu iska. Injin mai cin wat 12 yana shan wajen wat-awa 290 a yini da dare. Farantin sola na wat 100 zuwa 150 da batir na 50Ah za su riƙe shi. Idan har da famfon ruwa ne, sai a ninka duka biyun. Wannan kuɗin yakan fi na tankin, kuma gara mai saye ya san haka kafin ya biya.

Zafi da sanyi sun fi damun tankin roba fiye da kududdufin ƙasa, don bangonsa siriri ne kuma yana tsaye a sarari. Karfasa ta fi girma tsakanin digiri 27 da 30. A Afrilu da Mayu, da zafin rana ke kaiwa 40, tankin da ke rana zai haura 34, iskar da ruwa ke riƙewa ta ragu daidai lokacin da kifi ya fi bukatarta, kuma a nan ne ake ganin cutar da ke kumbura ido tana sa kifi juyi. Rumfar zana a sama da zana a kewaye jikin kejin suna magance yawancin wannan, suna kare robar daga tsagewa, suna kuma hana ruwan komawa kore shar. A bar gefen gabas a ɗan buɗe don shukar tiren ta sami ranar safe. A Disamba da Janairu kuwa ruwan yana sauka ƙasa da 20 da asuba, kifi ya daina ci. A lulluɓe tankin da buhuna da leda da dare, a rage abinci, a ba da shi da tsakar rana kaɗai, kuma a ƙara ruwan burtsatse da safe, don yana fitowa da ɗumi. Lissafin da ya fi dacewa shi ne a zuba a Maris, kifi ya ratsa bazara yana ƙarami, a kwashe a Agusta ko Satumba. Ko a zuba a Yuni a gama kafin ƙarshen Nuwamba. Ma'aunin zafi na ruwa ba shi da tsada, a rataya ɗaya a ciki.

Abinci da awo ake ba da shi. Karfasa 25 masu giram 30 suna cin wajen giram 35 a rana. Idan sun kai giram 100, sai 75. A giram 200, sai 125. A ƙarshe 150. A raba sau biyu ko uku, abin da ba su cinye cikin minti goma ba a kwashe. A nemi mai yawo saman ruwa, mai furotin kashi 30 zuwa 32 cikin ɗari, ƙwayar milimita 2 da farko sannan 3. Zagayen duka bai wuce kilo 12 ba, ƙasa da buhu guda mai kilo 15, kuma abincin kifi yana lalacewa a zafi bayan wata uku, don haka gara a saya kilo-kilo ko a raba buhu da maƙwabci. Haɗin gida yana yiwuwa a garin da ake noman gyaɗa: tunkuza busasshiya kashi 40, dusa 35, garin kifi 15, garin rogo 10 don ya kama. Sai dai yana nutsewa ya narke ya ɓata ruwa, saboda haka kada ya wuce sulusin abin da ake ba su, kuma tunkuzar da ta yi funfuna guba ce.

Idan an ga karfasa sun taru a sama da asuba suna haɗiyar iska, a tsayar da abinci, a duba injin, a sauya sulusin ruwa. Farin abu kamar auduga a jiki yakan biyo bayan kamu da hannu ko sanyi. Wanka cikin gishiri giram 10 a lita na minti goma, a roba daban, yana taimakawa. Kada a zuba gishirin cikin tanki, shukar tiren za ta ƙone. Maganin sauro na fesawa, ko kaɗan ne iska ta kawo, yana kashe kifi, haka hannun da ke da sabulu. Kuma zurfin santimita 65 ya isa ya halaka yaro mai rarrafe, don haka buɗaɗɗen gefen ya samu murfin waya mai ƙugiya, ba raga kawai ba.

Shin ya cancanci kuɗinsa? Kilo 7 da rabi na karfasa a wata shida abincin rana biyar ko shida ne ga gida mai mutum takwas. Wanda ke neman araha ya tafi wurin masu kifin Madarunfa, zai fi samun sauƙi. Tankin ya dace da gidan da ya riga yana da sola da ruwa, yana son kifi ɗanye da ganyen miya a kusa, kuma akwai mai duba shi safe da yamma. Idan filin tsakar gida ya kai, tankin tamfol mai mita 2 a kan 2 ya fi shi ɗaukar kifi da kuɗi kaɗan, sai dai ɓera da akuya suna huda shi, rana kuma tana cinye shi da wuri. Na keji, in yana inuwa, shekaru yake yi, kuma mai haya zai iya ɗora shi a amalanke ya tashi da shi.

Wajen kamu, ba sai an jira wata shida an kwashe duka ba. Daga wata na huɗu a fara cire manya uku-uku, waɗanda suka rage su sami sarari. Wanda za a ci ya yi kwana biyu zuwa uku cikin ruwa mai tsabta da dutsen kumfa, babu abinci, ƙarnin laka zai ragu. Idan an kwashe na ƙarshe, kada a kashe famfo. A bar ruwa yana ratsa tsakuwa, ana jefa ɗan abinci kaɗan kullum, har sababbin ƴaƴan kifi su iso.